Allah Ya Ja Zamanin Masu Cin Kwala

Duk wanda ya tashi lissafa arzikin Taraba, da ganyen shayin Mambila yake farawa, ya gangaro dajin Gashaka-Gumti, ya ambaci doya da shinkafa da kifin Binuwai, in ya yi boko ya ƙara da Chappal Waddi, dutsen da babu mai tsayinsa a Najeriya. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da gwamnatin Janar Babangida ta ɓallo jihar daga tsohuwar Gongola ake wannan lissafi, kuma kullum sai a tsallake wata baiwa da ba ta neman taki, ba ta jiran damina, amma kowace safiya sai ta yi yabanya daga Roadblock har Mile Six. Cin kwala nake nufi. Hassada ce kawai ta hana a yaba wa gwanayen wannan fanni, don haka yau na ɗauki alƙalami in biya su haƙƙinsu da jama'a suka danne.

Maganar ta zama ta gaggawa ne saboda samarinmu sun fara raina na gida. Suna ta ƙona data a waya suna kallon wata kokawa ta mutanen Birazil da ake kira jujitsu, inda za ka ga mutum ya kwanta rigingine, ya naɗe abokin karawarsa da ƙafafu, ya kama wuyan rigarsa ya shaƙe shi da ita har ya sallama. Sai yaro ya riƙe baki yana cewa, "Kai, Turawa sun iya!" Sun iya me? Abin da ake yi kyauta a bakin babbar kasuwar Jalingo, ba tabarma, ba alƙali, ba ko sisin kuɗin makaranta?

Bari in ba ku tarihin wahalar da suka sha, ku ji yadda ake ɓarnar lokaci a ƙasashen da ba su da aikin yi. A 1882 wani malamin makaranta a Japan, Jigoro Kano, ya buɗe zauren Kodokan a Tokyo, ya tattara tsofaffin dabarun faɗan ƙasarsu, ya ware masu haɗari, ya mai da saura wasan judo. Wani almajirin zauren, Mitsuyo Maeda, ya yi ta yawon duniya yana karawa da ƙarti har ya sauka Birazil a 1914, ya zauna a birnin Belem. A can wani matashi, Carlos Gracie, ya ɗauki karatu, ya koya wa ƙannensa, suka buɗe makaranta a Rio de Janeiro, a 1925 in ji zuriyar. Ƙaninsa Helio, wanda ba shi da jikin a zo a gani, shi ya fi dagewa kan faɗa daga kwance, domin ya san duk ranar da ya haɗu da wanda ya fi shi nauyi, ƙasa zai sha. A 1951 a birnin Sao Paulo ya kara da wani gwanin judo ɗan Japan mai suna Kato. Yana kwance, Kato na kansa, ya zura hannu a wuyan rigarsa ya shaƙe shi har ya suma. Wata guda bai cika ba Masahiko Kimura ya rama wa Japan a filin Maracana, ya murɗe wa Helio hannu sai da yayansa ya jefa tawul. Aka ci gaba da gyara da ƙari har 12 ga Nuwamba 1993, daren da ɗan Helio, Royce, mai nauyin kilo tamanin ko kusa da haka, ya shiga keji a birnin Denver na Amurka ya sa ƙarti uku suka sallama ɗaya bayan ɗaya, a gasar UFC ta farko. Shekara 111 ke nan daga Tokyo zuwa Denver, an ƙetare tekuna, an karya hannuwa, duk don a san yadda ake kama wuyan riga. Yaron mota a tashar Jalingo sati ɗaya ya ishe shi.

Dubi ma yadda suke yin abin, tausayi zai kama ka. Da farko sai an sayi riga ta musamman mai kaurin gaske, wuyanta ninki-ninki, ya sauko ta ƙirji har ƙugu. Hukumar wasan ta duniya har ma'auni ta sa: faɗin wuyan kada ya wuce santimita 5, kaurinsa kada ya wuce 1.3, kuma ana aunawa kafin a shiga fili. Sannan na ƙasa ya zagaye ƙugun na sama da cinyoyinsa, ya harɗe idon sawu a bayansa, ya zama ba gaba ba baya. Ya zura hannun dama, tafi na kallon sama, can cikin wuyan rigar har yatsunsa su kai ƙeya. Ya kawo na hagu ya gitta, ya kama ɗaya gefen. Ba ƙarfin tuwo yake sawa ba. Gwiwoyin hannunsa yake janyowa zuwa haƙarƙarinsa, kan abokin ya sunkuyo zuwa ƙirjinsa, ƙasusuwan tsintsiyar hannu su danne wuya ta gefe biyu. Masu zurfin karatu kuwa sai su zaro gefen rigar daga cikin ɗamara, su zagaya da shi ta bayan mutum, su miƙa wa ɗaya hannun, ya zama da tufarka aka ɗaure ka, da ita kuma aka shaƙe ka. Kowane motsi sai an maimaita shi sau ba adadi. Ɗamara ma hawa-hawa ce: fara, shuɗiya, shunayya, ruwan ƙasa, sannan baƙa, kuma mafi yawansu sai sun kwashe wajen shekara goma kafin su ɗaura baƙar. Shekara goma! A cikin shekara goma gwaninmu ya yaga riguna nawa?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ƙarshen wahalar. Da zarar wanda aka shaƙe ya bubbuga tafinsa a jikin abokinsa ko a tabarma, ko ya buɗe baki ya ce ya sallama, dole a sake shi nan take. In taurin kai ya hana shi har ya suma, alƙali ya tsayar da wasa. Sun raba mutane bisa nauyi da shekaru da launin ɗamara. Sun yanka lokaci, minti 5 ga mai farar ɗamara, minti 10 ga mai baƙa. Sun hana matse maƙogwaro da yatsu. Kafin a fara sai kowa ya yarda, a tafa hannu, in an gama a rungumi juna. Don Allah shaƙar da za a saki mutum don kawai ya nemi a sake shi, ina amfaninta?

Zo Hammaruwa Way da tsakar rana ka ga aikin manya. Tun da aka hana acaɓa a cikin gari, keke Napep ya zama filin horo, kuma ga yadda darasi yakan tafi. Keke ya tsaya, fasinja ya sauko, mutum mai cikar kamala, shadda ta sha guga, hula ta zauna daidai. Ya miƙa dubu ɗaya a tafiyar ɗari biyu. Direban, yaro ne da bai wuce ashirin ba, sanye da rigar Chelsea da ta koɗe, ya laluba aljihu ya ce, "Yallaɓai, wallahi ba canji, bari in nemo wajen mai lemo."

"Ni za ka shanya a rana? Ka san ba ka da canji ka fito aiki?"

"Yi haƙuri, Baba, yanzun nan."

"Wa kake ce wa Baba? Na yi kama da ubanka? Ka san ko ni wane ne?"

Daga nan sai fasaha. Ba kwanciya, ba harɗe ƙafa, ba lissafin gwiwar hannu. Hannu ɗaya ya cafki wuyan rigar, ya murɗa ya naɗe ta a dunƙule, gaɓoɓin yatsu suka sauka daidai kan maƙogwaro. Ya fizgo yaron daga kujera, ya haɗa bayansa da ƙarfen keke, ya ɗaga shi har dugadugansa suka rabu da silifas. Jijiyar goshin yaron ta miƙe, idanu suka yi ja, hannuwansa biyu a sama yana nuna ya sallama. Da mutumin Birazil ne da tuni ya saki, don su ba su da juriya. Namu kuwa sai ya ƙara murɗawa.

"Oga... numfashina..."

"Da wane bakin kake magana in ba ka numfashi?"

Ka ji hujja! Likita ma sai ya yi shiru.

Kada kuma a manta da 'yan kallo, don ba su wasan ba ya armashi. Mai faci ya ajiye taya, mai POS ya leƙo daga ƙarƙashin laima, ɗalibai suka zaro waya, kowa na neman inda hoto zai fi fita. Wani ya ce, "Ku bar su, ai yaran keken nan ba su da kunya." Ba wanda ya san abin da ya haɗa su, ba kuma wanda ya tambaya, domin shadda ta riga ta ba da shaida. Sai da bidiyo ya kai tsawon da za a saka a TikTok, sannan wani dattijo ya matso ya dafa kafaɗar gwani: "Haba Alhaji, ɗanka ne fa, a yi haƙuri." Alhaji ya saki, ya kaɗe hannu, ya gyara hula. Jama'a suka juya kan yaron da ke durƙushe yana tari: "Kai ma ba Alhaji haƙuri mana!" Ya ba da haƙuri. Ya nemo canji. Ya ɗinke riga da kuɗinsa. Ku nuna mini ƙasar da shari'a ke ƙarewa cikin minti uku, wanda aka shaƙe ya biya tara, ya kuma yi godiya.

Babbar hikimar gwanayenmu tana wajen zaɓen abokin karawa. Mutanen Birazil sun gina wasansu ne a kan wata bahaguwar fahimta, wai mai ƙaramin ƙarfi, wanda aka kayar aka danne, ya sami hanyar kuɓuta daga na samansa. Shi ya sa dabarar take farawa daga kwance. Mu mun gyara musu kuskuren, mun juya abin yadda ya dace da tsarin duniya: na sama ke shaƙe na ƙasa. Kafin gwani ya miƙa hannu, ya riga ya auna mutum da ido: takalminsa, agogonsa, faɗin kafaɗarsa, ko akwai bulala ko hular soja a gaban motarsa, ko yana da wanda zai kira a waya. In ya ga alamar gata, sai ya tuna haƙuri ibada ne. In ya ga babu, sai zuciya ta taso. Ban taɓa ganin zuciya mai ilimi irin wannan ba, wadda ta san inda za ta tashi da inda za ta kwanta. Barcinta take sha a gaban sojan da ke shingen hanya, ta farka da ƙarfinta a gaban mai tura baro.

Ilimin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, gangarawa yake. Yaron keken nan da aka shaƙe da rana, kafin la'asar zai ci kwalar almajirin da ya jingina da kekensa. Almajirin ya je ya ci ta wanda bai kai shi ba wajen rabon sauran tuwo. Magidancin da mai gidan haya ya shaƙe da safe a kan kuɗin wata uku, da dare matarsa za ta ji a wuyan hijabinta, yara na kallo suna ɗaukar darasi kyauta. Wuri ɗaya ne kawai tsarin ke karkacewa, wato ranar da tura ta kai bango, matar ta cakumi wuyan rigar maigida ta ce yau sai ya ba ta takardarta. A ranar unguwa za ta tuna cewa cin kwala rashin tarbiyya ne. Za a tara dangi, a kira iyayenta, a yi wa'azi, a ce duniya ta zo ƙarshe. Gaskiyarsu: ta karya dokar wasa, ta kama sama.

Ta fuskar tattalin arziki kuwa, ban san sana'ar da ke ciyar da mutane da yawa da ƙaramin jari irin wannan ba. Tela ne a gaba: wuyan kaftanin da ya kwana yana yi wa aiki ya yage cikin daƙiƙa biyu, a dawo masa da shi. Mai sayar da maɓalli ya samu. In aka yi rashin sa'a yaron ya riƙe hannun riga wajen neman iska, kuma shaddar Getzner ce da aka tara kuɗinta tun azumi, mai kanti ma ya samu. Mai kemis ya sayar da man zafi. Mai ɗori ya samu in an faɗi a kan hannu. Mai yankan aljihu ya yi kasuwa a cikin 'yan kallo, don hankali duk ya tafi fili. In abin ya kai caji ofis, akwai rubutu a bango cewa beli kyauta ne, kuma kowa ya san yadda kyautar take ƙarewa: gida biyu su sayar da akuya. Duk wannan a kan canjin da bai isa cefanen yini ba. Dokar Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta ɗauki ɗora wa mutum hannu da ƙarfi ba da yardarsa ba a matsayin laifi mai ɗauri ko tara, amma dokar da za ta hana tela da mai kemis cin abinci ai ba ta san halin da ake ciki ba.

Masu son ɓata wa gwanayenmu suna sukan ce wai wannan ba al'adarmu ba ce, su kawo misalin kokawa da dambe. To, a duba. Ɗan kokawa ba riga yake shiga fili, ko kwalar da za a ci babu. A Nijar tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa ake kokawar takobi, kowace jiha ta fito da zaratanta, kuma ko Issaka Issaka na Doso, da ya ɗauki takobin sau da dama, da zarar ya kai mutum ƙasa magana ta ƙare. Ɗan dambe turmi uku ne iyakarsa. In hannu ko gwiwar abokinsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ba ya bin sa da duka yana kwance, ga masu raba su tsaye. Shago da Ɗandunawa ba su yi suna da dukan yara ba. Ƙato suke nema, don kashe wanda bai kai ka ba ba ya sa makaɗi ya kira sunanka. Wannan duk ya nuna mutanen da ba su waye ba. Suna jefa kansu cikin haɗari a banza, suna neman wanda zai iya ramawa. Mu zamani ya koya mana cin riba ba asara.

Likitoci ma sun shiga sahun 'yan hassada. Wai a gefen wuya biyu akwai manyan jijiyoyi da ke kai jini ƙwaƙwalwa, in aka toshe su da kyau mutum na iya sumewa cikin daƙiƙa goma, in aka ci gaba da riƙewa 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa, kuma abin da ya mutu a cikinta ba ya dawowa. Wai maƙogwaro guringuntsi ne, yana iya karyewa, ya kumbura bayan sa'o'i ya toshe numfashi mutum yana kwance a ɗakinsa. Wai wanda ya suma a tsaye ba ya iya tare faɗuwa da hannu, ƙeyarsa ce ke sauka a bakin kwalbati. Wai saboda haka ne 'yan jujitsu, da suka san abin da hannunsu ke yi, suke saki da an bubbuga. Har suna kawo labarin Eric Garner, baƙar fatar da ɗan sanda ya maƙure a titin New York a watan Yulin 2014 bisa zargin sayar da sigari kara-kara, wanda ya faɗa sau goma sha ɗaya cewa ba ya iya numfashi, ya kuma mutu. Amurka ta yi ta zanga-zanga. Su tawakkali ne ba su da shi. Mu nan muna da likkafanin da ya isa kowace gawa: tsautsayi ne, kwana ne ya ƙare, sharrin Shaiɗan ne. Gwani zai yi kuka a gaban alƙali ya ce shi wallahi riga kawai ya riƙe, kuma gaskiya ya faɗa. Laifin mamacin ne da ya sa wuyansa a cikin rigar.

Amma babbar hidimar da cin kwala ke yi wa ƙasa ita ce kiyaye barcin manya. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane suka wuni a layin banki. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin kwanaki kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. Direban keke bai sa hannu a ko ɗaya ba, fasinja ma haka. Dukansu cikinsu na ƙuna, kuma ƙunar nan dole ta sami mafita. Da babu cin kwala, da wataƙila su zauna su tambayi juna ina kuɗin tallafin da aka ce an tara, me ya sa ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa a garin da Lamurde da Mayo Gwoi suka ratsa, wa ya ci kwangilar titin unguwa. Irin waɗannan tambayoyi ba su da daɗin ji. Alhamdu lillahi gwanayenmu sun ɗauke wa manya wannan nauyi: fushi ya tashi a bakin titi, ya sauka a bakin titi, talaka ya huce a wuyan talaka, kowa ya koma gida a gajiye.

Ga kuma wata albarka ta musamman ga gari irin Jalingo, inda Fulani da Mumuye da Kona da Jukun da Hausawa da Tibi da Ibo ke cin kasuwa ɗaya, masallaci na kallon coci. A nan wuyan riga ɗaya na iya haifar da riba mai tarin yawa. A bar labarin ya yi tafiyar unguwa biyu, sai canji ya ɓace daga cikinsa, ya koma "sun shaƙe ɗanmu". Taraba ta san kuɗin irin wannan labari. Rikicin Wukari na watan Fabrairun 2013 daga gardamar samari a filin ƙwallo ya faro, aka wayi gari ana ƙirga gawarwaki da gidajen da suka ƙone. Wane ɗan jujitsu ne zai iya tayar da gari guda da hannu ɗaya?

Kada a ce manya ba a cin kwalarsu. Ana ci, amma da ladabi, kuma su kaɗai ne a ƙasar nan ke cin moriyar dokar Birazil. A ƙarshen Mayun 2018 wata babbar kotu a Abuja ta sami tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame da laifin karkatar da kuɗin jiha, a shari'ar da ta shafi naira biliyan 1.64, ta yanke masa ɗaurin shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020. Tun 2007 aka fara shari'ar, shekara goma sha ɗaya kafin hukuncin farko, ba wanda ya tsinke masa ko maɓalli ɗaya. A watan Afrilun 2022 aka bubbuga tabarma, Majalisar Magabata ta Ƙasa a ƙarƙashin Shugaba Buhari ta amince a yi masa afuwa, aka saki. Ka ga wasa mai tsari: akwai alƙali, akwai lokaci, akwai sallama. Biliyan tana da bakin cewa a sake ta. Canjin ɗari takwas ba shi da shi.

Saboda haka ina da shawara ga masu kula da wasanni. Babban filin wasa na Jalingo, wanda ke ɗauke da sunan wannan tsohon gwamna, ya isa ya ɗauki kowa. A shirya gasar cin kwala ta jiha duk shekara, ƙananan hukumomi 16 kowacce ta turo wakilai. A ware rukuni-rukuni: masu bin bashi, masu gidan haya, 'yan kamashon tasha, masu karɓar haraji a kasuwa, 'yan bangar siyasa, da rukuni na musamman na masu "ka san ko ni wane ne". A ba da maki bisa yawan maɓallin da ya tsinke, da tsawon lokacin da gwani ya ɗauka kafin ya saurari masu ba da haƙuri. Iyaye su zo da 'ya'yansu, kada gado ya ɓace. Malamai da fastoci da ke ta faman cewa jarumtaka ita ce mallakar kai lokacin fushi, a ba su kujera can baya, kada su dame mu.

Abu ɗaya nake roƙon kwamitin gasa don girman Allah: kada wani ɗan boko ya shigo da dokar awo, a ce kowa sai da sa'ansa, mai shadda da mai shadda, ƙato da ƙato, mai gata da mai gata. In aka kuskura aka yi haka, an kashe wasan tun bai fara ba. Ranar gasa gwanayen nan duk za su aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da su, kuma wanda ya daure ya zo, za ka same shi a bakin ƙofa yana gai da abokin karawarsa da hannu biyu, yana tambayarsa iyali.